Fitilar da ta tona asirin Oga

Garejin Oga na can bayan Tashar Dukku a Gombe, ƙarƙashin darbejiya. Alhaji ya shigo da Corolla ƙirar 2005, 'yar Kwatano, ya yi fakin yana huci.

ALHAJI: Oga, motar nan ta fi iyalina ci. A da rabin tanki ke kai ni Bauchi ya dawo da ni. Yanzu sai na tsaya Alkaleri na ƙara mata.

OGA: Man bunburutu kake sha, Alhaji. Da kananzir suke haɗa shi.

ALHAJI: Ni? Tun 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafi ya tafi, ko a gidan mai sai na fito na tsaya a kan mita.

BALA (yaron gareji, ya leƙa ciki): Ranka ya daɗe, mene ne wannan baƙin salatif ɗin a dashbod?

ALHAJI: Wata fitila ce mai ruwan ɗorawa, da hoton inji, take ta zuba mini ido tun shigowar hunturu. Na rufe ta in samu lafiya.

BALA: Tsaye take ko tana ƙyaftawa?

ALHAJI: Tsaye. Ba ta ko kunya.

BALA: Da sauƙi. Mai ƙyaftawa ita ce ake tsayawa nan take, domin wata silinda ce ba ta ƙona mai, ɗanyensa ke wucewa salansa ya yi ɓarna.

OGA: Kai, rufe mana baki. Kawo sifana mai lamba goma mu cire kan batir. Minti biyar, Alhaji, fitila ta mutu.

ALHAJI: Ai ka yi mini haka wancan watan. Ta mutu ranar Talata, ta tashi ranar Juma'a.

OGA: To a cire ƙwan gaba ɗaya, mu ga ta inda za ta tashi.

(Oga ba mugu ba ne. A zamanin kafireto ya koyi aiki, lokacin da kunne da hanci ke gano ciwon mota. Matsalarsa ɗaya, har yau bai yarda zamanin ya wuce ba.)

Bala ya zaro wata 'yar na'ura daga aljihu, ya durƙusa ƙarƙashin sitiyari, ya lalubo soket mai ramuka 16, ya cusa ta, ya murɗa makulli.

ALHAJI: Me yake yi mata? Allura?

BALA: Tambayarta nake. Tun 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da wannan soket, OBD2. Kwamfutar motar na rubuta abin da ke damunta, mu kuma mu karanta.

ALHAJI: Nawa ne kuɗin tambayar?

OGA: Ga ni nan kyauta, shekara talatin ina wannan aiki.

BALA: Ta ce P0128.

ALHAJI: Lambar wa ke nan? Ni ban san mai ita ba.

BALA: Cewa take inji ba ya ɗaukar zafin da ya kamata. Ana so ruwansa ya kai kusan digiri 90. In bai kai ba, kwamfuta na ɗauka har yanzu asuba ce ana ɗumama inji, sai ta yi ta ƙara mai. Ka yi tafiyar awa biyu, ita tana nan tana ɗumamawa da kuɗinka. Oga, motar nan akwai tamostat kuwa?

OGA: Bala, je ka sayo mana ruwan leda.

BALA: Kuma ga fanka na ta juyawa, alhali ko inji ban tayar ba.

OGA: Ruwan leda na ce!

ALHAJI: Tsaya, ɗan samari, babu inda za ka. Oga, ba kai ka cire wani ɗan ƙarfe mai sifirin da bazarar bara ba, ka ce na ƙasar ƙanƙara ne?

OGA: Gombe fa muke, Alhaji! Watan Afrilu nan ko ƙadangare inuwa yake nema. Na cire shi, na haɗa fanka kai tsaye. Ta sake tafasa tun lokacin?

ALHAJI: Ba ta sake ba.

OGA: To!

BALA: Lagireto ne ya toshe a lokacin, Oga, ni na wanke shi. Tamostat ƙofa ce kawai. Tana rufe ruwa har inji ya yi zafi, wajen digiri 82 ta buɗe da kanta. Ba ruwanta da ƙanƙara.

Ya buɗe akwatin matatar iska, ya zaro ta, ya buga a jikin taya. Ƙurar hunturu ta tashi ja wur, har da busasshen ganye da fuffuken fara. Alhaji ya yi atishawa. Ya kwance filogi ɗaya, bakinsa baƙi ƙirin da gawayi, ya goga a yatsa ya nuna.

BALA: Shaidar mai ya yi yawa ke nan. A mayar da tamostat, a mayar da fanka kan wayarta, a sauya matata da filogi, sannan a goge lambar. Tayoyin baya ma na neman iska, su ma suna shan rabonsu.

ALHAJI: Innalillahi. Ashe hunturu guda ina ciyar da gidajen mai saboda kai.

OGA: Ƙaddara ce, Alhaji. Amma ka yi sa'a, ina da tamostat a hannu.

Ya jawo wani tsohon bokitin fenti daga ƙarƙashin benci. Cike yake da su, sun kai na rabin motocin unguwar Jekadafari. Ya tona, ya zaɓo ɗaya, ya hura masa iska, ya goge da gefen riga.

OGA: Ɗan asali ne, ba irin na kwali ba. Daga Corolla irin taka sak aka cire shi. Kawo dubu goma sha biyar, don kai ne.

BALA: Oga, ai daga ita ma aka cire. Ga sunan Alhaji nan da na rubuta da fenti.

OGA: To kawo dubu goma. Biyar ɗin na yafe, sauran kuɗin ajiya ne.