Yatsu Biyar a Kan Farar Shadda

Ɗaurin aure ne ya kai ni Kano. Tun da hantsi abokina, ɗan cikin badala, ya ce kafin ƙarfe biyu sai ya nuna min Kanon da ba a gani ta gilashin mota. Ni kuwa har na riga na ci ado da farar shadda, wadda na yi wata biyu ina biyan kuɗin ɗinkinta.

Muka faɗa karofin Ƙofar Mata. A bakin ƙofa an rubuta 1498, wato marinar nan ta girmi jihadin Shehu da shekara ɗari uku da 'yan kai. Wari ne ya fara yi min sannu da zuwa. Daga gefe kuma ana jiyo ƙarar mabuga, tim-tim.

Wani dattijo na zaune a bakin rijiya, ya tsoma ƙyalle, ya ɗago, ya sake tsomawa. Ya ce baba da toka da kanwa ake haɗawa, a bar su su tsima kwana da kwanaki. Da ya ɗago ƙyallen sai na gan shi kore-kore. To ni da ɗan kimiyyata ta sakandare, bakina bai iya shiru ba.

"Baba, anya baban nan naka ya kama kuwa?"

Bai ko ɗago kai ba. "Ɗana, taɓa ka ji."

Ya miƙo min safar hannu, na ce ba sai da ita ba. Na zurma hannu har wuyansa, ya fito kamar na taɓa tsinkakkiyar miyar kuka. Na ce, "Ka gani ko?" Sannan, don tsabar wauta, na goge a ƙirjina.

Ashe sirrin a iska yake. Ruwan baba sai ya sha iska yake juyewa shuɗi, dalilin tsomawa da ɗagawar ke nan. Ina ji ina gani yatsu biyar suka bayyana a kan shaddata, tun suna tsanwa har suka koma shuɗi sosai. Abokina ya yi dariya har sai da ya dafa bango.

Na tambayi dattijon ko zai fita da sabulu. Sai a lokacin ya dube ni.

"Da yana fita, da tun zamanin kakanninmu mun tashi daga nan. Tuɓe ka kawo a ƙarasa. Zan rage maka kuɗi, tunda kai ka fara aikin."

Da aron kaftani na je ɗaurin auren. Duk wanda na miƙa wa hannu sai ya ce, "A'a, Malam, daga nan ma ya wadatar."