'Yan banga ba kotu ba ne

Mutane da yawa gani suke tunda unguwa ce ke haɗa kuɗin wata-wata ana biyan 'yan banga, to shikenan duk ɓarawon da suka kama nasu ne, su kulle shi a ofis su yi ta jibga har sai ya faɗi inda ya kai wayar. Ba haka doka ta ce ba fa. Dokar ACJA ta 2015, wato dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta Najeriya, ta ba kowa, ni da kai, damar kama wanda ya aikata laifi a gabansa, amma da sharaɗin a miƙa shi hannun 'yan sanda ba ɓata lokaci. Iya ikon ɗan banga kenan, kaki da tocila da usur ba su ƙara masa komai ba. Dukan mutum don ya amsa laifi kuwa, ko ɗan sanda ne ya yi, dokar hana azabtarwa ta 2017 na iya hawa kansa.

Amfanin 'yan banga na wajen sanin lungu ne. Shi ya sa 'yan kato da gora suka yi tasiri wajen yaƙi da Boko Haram a Maiduguri a 2013, sun san wane ɗan gidan wane ne, sojan da aka turo daga nesa kuwa ina zai sani.