Darasin da ba a rubutawa a allo

Jiya da yamma ɗan ƙanwata, wanda ke aji biyar a wata firamare nan Argungu, ya dawo gida hannu duk kanta. Makara ya yi, aka miƙa musu fartanya su nome bayan aji. Aikin bai dame ni ba, ɗan manoma ne, ya saba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne da ya ce, "Kawu, malam ya ce duk wanda bai yi karatu ba, a fadama zai ƙare kamar ubansa."

A Kebbi fa! Jihar da muke bugun ƙirji da shinkafarta, inda Shugaba Buhari ya zo Birnin Kebbi a 2015 ya ƙaddamar da shirin bashin manoma. A nan ne fartanya ta zama horo, sana'ar uba ta zama abin tsoratar da ɗa.

Masana halayyar zaman jama'a suna kiran irin wannan darasi, da yaro ke ɗauka a makaranta ba tare da an rubuta shi a allo ba, da suna ɓoyayyar manhaja. Wani Ba'amurke, Philip Jackson, shi ya yaɗa sunan a 1968, bayan ya daɗe yana zama a azuzuwan firamare yana kallo. Ya lura yaro na koyon jira, da neman yabo, da sanin wa ke da iko, tun kafin ya iya jimla. A 1976 wasu masana tattalin arziki biyu na Amurka, Bowles da Gintis, suka ce makaranta tana saba wa 'ya'yan talakawa da bin umarni, ta saba wa 'ya'yan masu hali da bayar da shi. Ban yarda da su ɗari bisa ɗari ba, domin na ga 'ya'yan masunta da boko ya ɗaga. Amma na koyar shekara goma sha ɗaya, kuma na san inda maganarsu ta taɓa mu.

Da bakina na sha cewa monita ya rubuta sunayen masu surutu. Wallahi sai daga baya na gane abin da nake shukawa. Yaron da ya yi shiru shi ne mai ladabi, wanda ya cika tambaya fitinanne ne. Monitan kuma ya gano alƙalami makami ne: ya tsallake sunan abokinsa, ya sa na wanda ya hana shi ƙosai. Yau muna kukan jami'in da ke fifita nasa, mun manta inda ya fara.

Ga tarar banakula. Yarinya ta yi Hausa, ko Dakarci, ko Zabarmanci, a ci ta tara ko a zane ta. Turancin bai zauna ba, amma ta riƙe abu ɗaya daram: harshen da kakarta ke yi mata addu'a da shi abin kunya ne. Sannan a duba wa ke riƙe tsintsiya kullum, wa ake naɗawa shugaban aji.

Ba zagin malamai nake ba. Mutum ɗaya da yara fiye da tamanin, ga albashi ba ya kai wata, dole ya nemi shiru ko ta halin ƙaƙa. Mu ma haka aka yi mana.

Yau Asabar, uban yaron ya ce ya shirya su tafi fadama. Ya bi shi, amma sai da ya leƙa waje ya tabbatar babu ɗan ajinsu a layi. Ranar Litinin, in Allah ya kai mu, zan je in zauna da hedimasta.