Agogon da ya auna hawan jinin teburi

Ranar Asabar da ta wuce, wani yaro da na girme shi nesa ba kusa ba ya ci mini mutunci a gaban mutane, a wani shago da ke saman bene kusa da Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi a Kaduna. Har yanzu da nake wannan rubutu zuciyata ba ta daina tafasa ba. Abin da ya kai ni wurinsa shi ne agogon hannu na zamani da ya sayar mini ta intanet, agogon da ya kusa raba ni da mahaifiyata.

Hajiyarmu ta daɗe da hawan jini. Duk wanda ke jinyar tsoho ya san wahalar: yau a kai ta kemis a auna, gobe a kama layi a asibiti, ga kuɗin Keke daga Tudun Wada ya yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Sai na ci karo da talla a ɗaya daga cikin kasuwannin nan na intanet: agogo mai haɗi da waya, wai yana auna hawan jini, bugun zuciya, har da suga. Ga hoton wani dattijo yana murmushi, ga taurari biyar a ƙasa, ga garantin wata shida. Naira 18,500, kuɗin kawowa 2,500. Na yi taransifa daga albashin koyarwa, mai babur ya kawo har ƙofar gida, na ɗaura wa Hajiya da hannuna. Ta yi ta sa mini albarka.

Tun daga ranar, agogon nan bai taɓa nuna mata abin tsoro ba. Yau 120 bisa 80, gobe 118 bisa 78, kullum nan kusa. Kanta na sara mata, jiri na ɗibarta, sai ta duba hannu ta ce, "Ai jinin lafiya lau, gajiya ce." Ta fara tsallake magani, tunda magani ya yi tsada kuma ga na'ura na ce mata ta samu sauƙi. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida muka kwashe ta zuwa asibiti, nas ta naɗa mata abin awo a damtse, jini ya haura 190. A daidai wannan lokacin agogon da ke wuyan hannunta yana nuna 121. Nas ɗin ta kwance shi, ta miƙo mini, ta ce, "Malam, kada wannan ya sake komawa hannun Mama." Allah ya taƙaita, ɓarin jikinta bai shanye ba.

Lambar da ke jikin rasit an daina ɗauka, sai ta hannun mai babur na gano shagon. Na yi sallama. Yaron na kishingiɗe bayan teburin gilashi, kunnuwansa toshe da abin sauraro, yana latsa waya. Na sake sallama. Ya zare guda ɗaya, ko ɗagowa bai yi ba.

"Meye?"

Haka ya amsa sallamar mutumin da ya isa ya haife shi. Na danne zuciyata, na ajiye kwalin, na yi masa bayani tun daga farko har zuwa gadon asibiti. Ya ɗaga kwalin da yatsu biyu, ya juya shi, ya turo mini.

"An cire leda. Ba ma karɓar kaya in an buɗe."

Na ce, "Samari, ta yaya zan san kaya jabu ne ban buɗe ba?"

"Haka dokar shago take."

Na ce to bari ya gani da idonsa. Na kunna agogon, na ajiye shi a kan gilashin teburin, babu fata babu tsoka a ƙarƙashinsa, na danna wurin awo. Koren haske ya yi ta walƙiya, can sai ga shi: hawan jini 119 bisa 79, bugun zuciya 74. Na ɗauki robar ruwan da ke gefensa na ɗaura mata, ita ma ta samu 122 bisa 80. Na ce, "Ka gani? Teburinka da robar ruwanka da mahaifiyata da ke kwance, duk jininsu ɗaya a wurin wannan abu."

Na ɗauka zai ji kunya. Sai ya fashe da dariya har da buga cinya, ya leƙa ƙofa ya ƙwala wa maƙwabcinsa kira: "Zo ka ga, Baba ya zo mana da bincike!" Mutane suka fara taruwa a bakin shagon. Sai a sannan ya gyara zama ya dube ni.

"Baba, tsakaninka da Allah, nawa ka saye shi?"

Na faɗa masa.

"To ka san nawa ne na Apple? Iya kuɗinka iya shagalinka. Da dubu goma sha takwas kake son likita a hannu? In asibiti kake nema, ga Barau Dikko can."

Na ciro waya na nuna masa tallarsu, da sunan shagonsu a jiki, inda aka rubuta ƙarara cewa yana auna hawan jini daidai. Ya ɗaga kafaɗa. "Ai talla ce. Kowa ya san talla ce. Wa ya ce ka ɗaura wa tsohuwa?" Na nuna masa katin garanti. "Wannan na kamfani ne, kamfanin kuma yana Caina. Ka tura masu." Aka sake kwashewa da dariya. Sannan ya zo da wadda ta fi kowace ƙona mini rai. Ya sunkuya ya zaro wani kwali daga ƙarƙashin teburi, kamanninsu ɗaya sak in ban da launin maɗauri, ya ce in cika dubu goma sha biyu ya ba ni "orijina". Wato ya san wanda ya sayar mini jabu ne. Ya sani tun ranar da ya karɓi kuɗina, kuma yana neman sake damfarata a kan ciwon uwata.

Wani dattijo mai sayar da caja a gefe ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, yi haƙuri, bar wa Allah." Yaron ya mayar da abin kunnensa.

Haƙuri! Shekara nawa muka yi muna haƙurin nan? Fawa bankin da aka rubuta wa 30,000 a jiki bai iya cika waya ko sau ɗaya ba, da mai gyara ya ɓalle shi a gabana sai ga ɗan batir guda da ƙullin yashi a leda, don ya yi nauyi a hannu. Memorin da aka ce gig 64 ne ya haɗiye hotunan marigayi mahaifinmu, domin dabara aka yi masa ya riƙa nuna girman da ba shi da shi, da ya cika sai ya hau kan tsofaffin hotuna ya shafe. Cajar da ta kumbura batirin wayar matata. Fitila mai caji da ta mutu kafin azumi ya kai rabi. Ba sai na ci gaba ba, kowane gida daga Kawo zuwa Barnawa yana da durowar da ya tara irin wannan tarkace. Duk na haɗiye, saboda kuɗi kawai suka ci. Wannan kuwa rai ya nema.

Kuma kada wani ya ce mini ai abin arha haka yake. Agogon kirki yana haska koren haske cikin fata, jini ya shanye wani ɓangare, wata 'yar na'ura a bayan agogon ta karanta abin da ya dawo, daga nan a ƙirga bugun zuciya. In babu fata bai kamata ya ba da lamba ba. Wanda aka sayar mini, fitilar kawai aka sa masa don yaudarar ido, lambobin kuwa an shirya su ne su riƙa yawo kusa da na mai lafiya. Wani ya zauna ya tsara wannan ƙarya da gangan. Batun suga ma ya fi muni. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fito ta gargaɗi jama'a cewa babu wani agogo ko zobe da ta amince yana auna suga ba tare da an huda fata ba. Mu a nan ana tallarsa a fili, ana kai wa masu ciwon suga har gida. In abu mai arha ne, ya yi aiki kaɗan mana, ya nuna lokaci, ya ƙirga taku, ya mutu da wuri, mun ji mun gani. Mai hatsi yana da ikon ya ce ga mai kyau ga na ƙasa da shi, kowanne da kuɗinsa, amma ba shi da ikon ya buga wa mudu gindi ya ce ai kuɗinka kaɗan ne. Tun muna Islamiyya aka karantar da mu makomar masu tauye awo, kuma yaron nan da ubangidansa sun zauna a aji irin wanda na zauna.

Shi kuma gorin Apple da ya yi mini, wa ya jefa mu a halin da muke ciki? Mafi arhar agogonsu sabo dala 249 ne a Amurka. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023, dala ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba. Cikin 2024 ta haura 1,500. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne. Ka lissafa, albashin wata biyar kenan ba ci ba sha. An talauta mutane har ba su da zaɓi sai mai arha, sannan aka sakar wa 'yan damfara su.

Ba Caina kaɗai nake zargi ba. Wayoyin da ke hannunmu suna aiki shekara da shekaru a can aka ƙera su. 'Yan kasuwarmu ne, masu harshenmu, ke sauka Guangzhou da Shenzhen su ce a yi masu mafi ƙasƙanci a rubuta mafi girma a kwali. Sai 'yan talla a kafafen sada zumunta su karɓi na goro su rantse da Allah sun gwada. Kasuwannin intanet su yanki kasonsu a kowane ciniki, in ka kai ƙorafi a haɗa ka da saƙon na'ura, mai kaya kuma in asirinsa ya tonu ya canza suna ya dawo washegari. Mu kuma mu taru a bakin shago mu yi wa wanda aka cuta dariya don ya buɗe baki, mu ce masa ya bar wa Allah, macuci ya ƙara samun ƙarfin gwiwa.

Gwamnati fa? A takarda babu abin da muka rasa. Akwai hukumar SON mai kula da ingancin kaya, da takardar shaidar SONCAP da ake nema kafin a shigo da kaya ƙasar nan. Akwai NCC mai tantance na'urorin sadarwa, akwai NAFDAC da na'urorin lafiya ke ƙarƙashinta, akwai Kwastam a Apapa da Tin Can. Akwai dokar kare haƙƙin masu sayayya ta 2018 da ta kafa FCCPC, wadda ta haramta tallar yaudara, ta kuma ba mai saye ikon mayar da kayan da bai yi aikin da aka ce yana yi ba. Dokar shago ba ta fi dokar ƙasa ba. Amma wane ɗan kasuwa ne a garin nan yake tuna wata doka idan zai yi oda? Yaron nan ya yi dariya ne saboda ya tabbata babu abin da zai same shi.

Kuma a Kaduna ake yi mana haka. Garin da aka buɗe masaƙar KTL a 1957, garin da aka fara harhaɗa motar Fijo a Kakuri a 1975, garin da iyayenmu suka ɗaura atamfar da aka buga a cikinsa ta shekara ba ta koɗe ba. Aka zura ido masaƙu suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Je ka Panteka ka ga matasa masu basira suna ƙera abubuwa daga tarkacen ƙarfe, babu tsayayyar wuta, babu jari, babu mai waiwayarsu.

Manyanmu in kansu ya sara jirgi suke hawa zuwa Landan ko Dubai a auna su da na'urar gaske, shi ya sa abin da ke hannun tsofaffinmu bai dame su ba. Kwantenar da ta ɗauko wannan agogo da 'yan'uwansa ba daga sama ta faɗo ba. Ta tsaya a tasha, an buɗe mata fayil, wani ya buga hatimi, kayan suka ratso shingaye har suka iso Kaduna. Duk waɗanda suka sa hannun nan albashi suke karɓa, kuma daga harajin da mu jama'a muke biya ake biyansu.