Naman Banza a Cikin Kwalta

A teburin mai shayi ne kusa da Taminus, cikin garin Jos, da sanyin safiya. Ɗan Boko, mai karatu a Jami'ar Jos, ya miƙa wa Bakano waya ya ga hoton wani ƙoƙon kai.

BAKANO: Kai yaro, wannan haure fa? Giwa ce ta haifi kyanwa?

ƊAN BOKO: Fiƙa ce, Alhaji. Wata dabba ce dangin su zaki da damisa, ana ce mata Smilodon. Babbar cikinsu, ta Kudancin Amurka, fiƙarta takan kai santimita 28.

BAKANO: Yi mini da awon kasuwa.

ƊAN BOKO: Inci 11. Saura ƙiris ƙafa guda.

BAKANO: Nawa dozin?

BAZAZZAGE: Ku ji Bakano! Ana zancen abin da zai cinye shi, shi yana tambayar sari. Ni da a Zariya ta ɓullo, mari ɗaya zan yi mata ta zubar da haƙoran.

ƊAN BOKO: Malam, nauyinta yakan kusa kilo 400 fa. Buhun masara huɗu ke nan.

BAZAZZAGE: To, mari biyu.

Bafulatani, wanda tun ɗazu ya ajiye kofinsa ya rungume sanda, bai ga abin dariya ba.

BAFULATANI: Aradu ku bar wasa. Yaro, a wane daji take? Shanuna suna wajen Tilde.

ƊAN BOKO: Kwantar da hankalinka, Baffa. Ta ƙare kimanin shekara 10,000 da suka wuce, kuma a nahiyar Amurka ta zauna. Danginta dai sun yi zamani a Afirka, an tono ƙasusuwansu a Kenya da Habasha da Afirka ta Kudu.

BAFULATANI: Wa ya ga gawar ta ƙarshen?

ƊAN BOKO: Ba wanda ya gani, ƙasusuwa kawai ake samu. Wani Bature ɗan Denmark, Peter Lund, shi ya raɗa mata suna a 1842, bayan ya tono su a kogunan dutse a Brazil. Da farko ma ya zaci kura ce.

BAFULATANI: Wanda bai iya bambance kura da mage ba, shi zai ce mini ta ƙare? Yau a ruga zan kwana.

ƊAN BOKO: Inda aka fi samun su shi ne La Brea, a tsakiyar birnin Los Angeles. Kwalta ce ke ɓulɓulowa daga ƙarƙashin ƙasa, ƙura da ganye su rufe ta. Sai ɓauna ko doki ya taka, ƙafa ta maƙale, ya yi ta kuka. Magen ta ji, ta ce ga nama ba gudu ba wahala, ta daka tsalle, ita ma ta maƙale. Kyarkeci ya hango nama ya zama biyu, shi ma ya faɗa. An tono ƙasusuwan irin wannan mage sama da 2,000 a wurin, kuma maciya nama sun ninka waɗanda aka zo ci nesa ba kusa ba.

BAZAZZAGE: Wallahi Kanawa ne! Sun ga banza, sun manta da hanyar gida.

BAKANO: Rashin tsari ne. Da ni ne, a bakin ramin zan tsaya in tura yaron shago.

MAI SHAYI: Alhaji, a ƙara ƙwai?

BAKANO: In gyara ne, ƙara.

ƊAN BOKO: Abin mamakin shi ne bakinta. Tana wangame shi har wajen digiri 120, zaki kuwa bai wuce 65 ba. Amma cizon nata bai kai na zaki ƙarfi ba, kuma fiƙar doguwa ce siririya, in ta daki ƙashi tana iya karyewa.

Bakano ya yi shiru, irin shirun da ɗan kasuwa ke yi in ya hango riba. Sannan ya juya a hankali ya dubi abokin wasansa.

BAKANO: Baki wangame, cizo babu. Ashe Bazazzagiya ce.

BAZAZZAGE: Mu je Zariya ka maimaita!

BAKANO: Ka biya kuɗin mota.

ƊAN BOKO: Ƙarfinta a ƙafafun gaba yake. Masana na ganin da su take danne dabba ta kayar, sai ta ga ba motsi sannan ta sa fiƙa a maƙogwaro.

BAFULATANI: A kayar, a danne, a yanka a wuya. Wannan ai mahauci ne. Na san su, ba su taɓa biyan kuɗin sa gaba ɗaya.

BAKANO: Tsaya tukuna, yaro. Ita kwaltar, ta ƙare?

ƊAN BOKO: Tana nan, har yau tana fitowa. Amma an kewaye wurin, akwai gidan tarihi, masana na ta aikin tono.

BAKANO: Da kanta take fitowa? Ba wanda ya dafa ta, ba wanda ya saya? Ga 'yan kwangilar titi nan suna neman ta ido rufe! Duro nawa mutum zai iya cikawa a wuni, in ya shiga can tsakiya inda ta fi kauri?

BAZAZZAGE: Ɗan Boko, nawa ka ce an tono?

ƊAN BOKO: Sama da 2,000, Malam.

BAZAZZAGE: Ƙara ɗaya a lissafin. Wannan da hularsa za a same shi.