Furen Washington ko darbejiyarmu?

Wata abokiyar aikina ce ta ja ni kallon fure a ƙarshen Maris, bakin tafkin nan da suke kira Tidal Basin a Washington, muna cikin tafiya sai ta juyo wai ai ku can Afirka ba ku da irin wannan ko? Wallahi jama'a maganar nan ta tsaya min a rai.

Wajen dai ya yi kyau, ba ƙarya. Bishiyoyin ceri ne reras a bakin ruwa, ganye ko ɗaya babu sai fure fari da ruwan hoda, iska na kaɗawa yana zubowa a kan mutane, kowa waya a hannu, amare da angwaye na ta hoto, cunkoso har ba wurin sa ƙafa. Magajin garin Tokyo ne ya aiko da su kyauta a 1912, sama da 3,000, na farkon da aka kawo a 1910 ma ƙone su aka yi saboda ƙwari. Doka ta hana ka tsinki fure ko ka hau bishiyar. Kuma duk hidimar nan furen bai wuce sati biyu, in aka yi ruwa da iska ma ba ya kaiwa, ba kuma ’ya’yan da za ka ci.

Na tambaya don me ba sa shuka mai ’ya’ya a titi, aka ce ’ya’yan zubowa suke su ruɓe su jawo ɓeraye, wani ya zame ya maka hukuma a kotu. Masu furen kuma gajeru ne ba sa taɓa wayar wuta, ga baƙi na cika otal-otal. To na yarda, akwai lissafi a ciki.

Amma ni dai a bar ni da darbejiya. Ba wanda ya taɓa ɗaukar furenta hoto, amma a Afrilu da komai ya bushe ita ce kore shar, ƙarƙashinta mai faci yake da mai shayi da dattawan unguwa bayan la'asar, ganyen ma a dafa wa mai zazzaɓi. Nan kuwa layin da nake bishiyoyi ne gefe da gefe amma ba mai zama a inuwarsu, daga mota sai cikin gida, har yau ban san sunan maƙwabcina ba.

Abin da ya fi ƙona min rai ma, da na kira gida ƙanina ke ce min an sare darbejiyoyin layinmu wai za a faɗaɗa titi. Su Baba yanzu a zauren wani suke matsuwa da zafin nan, kuma ba wanda ya ce uffan.