Uwa ta ci goma bisa goma, ɗa bai iya karatu ba

Assalamu alaikum 'yan uwana iyaye, musamman mu da yaranmu suke firamare a yanzu. Raina a ɓace yake, kuma gara in faɗa ko da wani zai ji haushina. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Shekaranjiya bayan magariba na leƙa gidan wata ƙanwata. Na tarar da ita a tsakar gida ta haska fitilar waya a kan littafin ɗanta, tana rubutu da hannun hagu. Na ce, lafiya, ciwo kika ji a dama? Sai ta yi dariya ta ce, "A'a Yaya, jingar yaron nan nake yi, da hagu nake rubutawa don kada anti ta gane rubutun babba ne." Shi kuwa gogan yana kwance a tabarma da ɗaya wayar yana kallon katun. Ɗan aji huɗu! Na ce ya karanta mini layi ɗaya cikin abin da aka rubuta da sunansa. Ya dube ni, ya dubi uwar, ya koma kan wayarsa.

Wallahi da ita kaɗai ce da na yi mata faɗa a can na yi shiru. Amma abin ya zama ruwan dare. Uba ya ɗauki hoton tambayar lissafi ya tura zauren WhatsApp na abokai, a turo amsa, ya kwafe wa yaro. Wata ta kira yayan yaron da ke sakandare ta ba shi kuɗin alawa ya cike shafin. Wasu sun ɗauki malamin lesin, kuma duk aikinsa shi ne ya zo bayan la'asar ya faɗa, yaro ya rubuta, a sallame shi ƙarshen wata. Gobe malama ta ja jan biro ta ba da goma bisa goma, uwa ta ɗora hoton a sitatus tana "Masha Allah ɗana". Wane ɗan naki? Ke kika ci, Hajiya. Kayan aro ba ya rufe katara.

Hujjar kullum ita ce tausayi: ya gaji, ya dawo daga boko ya tafi Islamiyya, in bai yi ba za a doke shi. Na yarda yara suna gajiya. Amma yaron da ya gaji barci yake yi, ba ya kwashe awa biyu yana latsa waya. Kuma jingar nan ba don malama ta samu abin dubawa aka ba da ita ba. An ba da ita ne don yaro ya yi kuskure, a ga inda ya kasa, a gyara. Ranar da kika rubuta masa, kin rufe wa malama ido, kin kuma koya wa ɗanki cewa ana cin riba da ƙarya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa da hannunmu muke tanƙwara shi ta inda bai dace ba.

A 2022 Bankin Duniya da UNICEF da abokan aikinsu sun ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su gane abin da ya ƙunsa. Mu da muka ga abin da ya faru a 2020, lokacin da korona ta sa aka rufe makarantu tun watan Maris, ba ma bukatar wani ya faɗa mana. Yara suka zauna gida wata da watanni, ana karatu a rediyo, iyaye da yawa suka gano ɗan da suke alfahari da sakamakonsa bai iya haɗa baƙi da wasali ba. Aka buɗe makarantu, muka manta, muka koma gidan jiya.

To ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ranar jarabawar shiga sakandare ba za ki zauna a bencinsa ba. JAMB kuma tun 2015 da kwamfuta ake yin ta, shi da allon ne kawai. Daga nan ne ake fara neman makarantar da ake biya a rubuta wa ɗalibai amsa a WAEC da NECO, sai mu zauna a majalisa muna zagin gwamnati, muna cewa ilimi ya lalace. A ɗakinmu aka fara satar amsar.

Abin takaicin ma, gidan kowa cike yake da darasi, ba sai an sayi komai ba. Ki aike shi shago da ɗari biyar ya sayo abin ɗari uku da hamsin, kafin ya fita ki tambaye shi canjin nawa zai kawo. Kina auna shinkafa, ki bar shi ya ƙirga gwangwani nawa ke cika tiya. Ku shuka wake a gwangwani biyu, ɗaya a rana ɗaya a ƙarƙashin gado, ya riƙa dubawa yana faɗa miki abin da ya gani, kimiyya ke nan. Uba in ya ɗauko shi a babur cikin Kano, me zai hana ya nuna masa Dala da Ƙofar Mata ya ba shi labarinsu, ya sa shi ya karanta allunan shaguna? In jingar ta zo, ki zauna kusa da shi, biron yana hannunsa. Ya yi ba daidai ba, a bar shi ya kai haka nan. Amma ina! Muna da lokacin TikTok, muna da lokacin zaɓen anko, minti ashirin na zama da yaro ne ya gagara.

Su ma makarantun kuɗi ba zan ƙyale su ba. Yaro ɗan shekara shida a ba shi aikin da sai mai digiri, an san sarai iyaye za su yi, an kuma fi son haka don sakamako ya yi kyau a biya kuɗin zango na gaba ba gardama. Ga bikin yaye 'yan nazare da riga da hula kamar sun gama jami'a, a tatsi iyaye kuɗin hoto da na kek. Yaron bai san harafi ba, amma yana da hoton kammala karatu a falo.

Iyayenmu da yawa ba su shiga aji ba, amma ba su taɓa yaudarar kansu a kanmu ba. A makarantar allo ba mai wanke maka allo sai ka biya karatun da bakinka, kuma ba uwar da za ta je ta biya wa ɗanta. Da dare kaka ta yi mana "ga ta nan ga ta nanku", ta bi da kacici-kacici, gobe ta ce kai ma ka maimaita. Dattawan da suka shiga ajin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950 da gemunsu suka zauna suna haɗa baƙi, don kawai su karanta jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da kansu. A unguwarmu ɗan firamare ake kira ya karanta wasiƙar da ta zo daga Ikko, ya kuma rubuta amsa, tsofaffi na sa masa albarka. Yau mai shaidar digiri ne zai kawo maka takardar neman aiki, ka zauna kana gyara masa yadda ake rubuta sunan garinsu.